Bokitin da Ke Gefen Hagu

Ba zan taɓa mantawa da yammacin Lahadin da na tara mutane a falona don su saurari muryata ba, kuma Allah ya sani na yi ƙoƙarin mantawa. A Nasarawa Gwom kowa Injiniya yake kirana, daga mai shayi har limamin masallacinmu. Sunan ya samo asali ne daga shekara tara da na yi a Abijan ina aiki a wani situdiyo inda ake ɗaukar waƙoƙi. Wannan gaskiya ne, na yi aiki a can. Abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba shi ne irin aikin. Ni ne mai shara. Ni ke goge ƙasa, in naɗe wayoyi, in dafa kofi, in wanke banɗaki. Aikin sauti da ido na sace shi, ina riƙe da tsintsiya.

Bayan Abijan na zauna Khartum, na zauna Jidda, na yi fatauci har na tsufa. Ina jin Faransanci da Larabci da Turanci da ɗan Jula na cin kasuwa (a duk harsunan nan ban samu ko ɗaya da bakina zai iya cewa "mai shara" da shi ba).

A zamaninmu wanda ke nesa ba ya rubuta wa uwarsa wasiƙa idan ba ta karatun boko. Kaset ake ɗauka, a yi gaisuwa, a ba matafiyi ya kai. Na aika wa Inna guda ɗaya daga Abijan, kuma don burga a cikin situdiyon na ɗauka, wata rana da tsakar rana da kowa ya fita cin abinci, da makirfo biyu da aka bari a tsaye, irin masu jin tafiyar tururuwa. Bayan rasuwar Inna da shekara biyu, yayata Asabe ta tsinci kaset ɗin a ƙasan akwatinta, naɗe cikin kallabi, ta kawo mini. Na kai wani shago a Titin Bauchi aka juye shi a filashi. Na ɗan kunna a wayata, ina jin "Assalamu alaikum Inna" idona ya cika, na kashe. Na ce wannan ba a waya za a ji shi ba. Inna ta ƙare rayuwarta tana saurarena a ƙaramar rediyo mai batir huɗu, wadda sautinta kamar ana magana cikin gwangwani. Ni kuwa zan sa dangi da makwabta su ji ni yadda ya kamata a ji Injiniya.

Sai na aika Legas aka sayo mini sifikun situdiyo guda biyu. Ba irin na biki ba ne. Kowace tana da injinta na ƙara sauti a cikinta, kowace da wayar wutarta, kuma ba a yi su don su daɗaɗa wa kunne ba. An yi su ne don mai aikin sauti ya ji abin da aka ɗauka daidai, da kyansa da muninsa. Na ga yadda mutane ke son sauti a wurare da yawa. A Abijan sai ya doki ƙirji. Direbobin Khartum kuwa siririn sauti suke so mai tsaga kunne. Mu nan Jos tun muna yara ake kifa sifika a bakin tulu don ta yi ƙugi, a ce an samu kiɗa. Duk kwalliya ce. Ni gaskiya nake nema, in ji ni.

Sati guda na yi ina gyaran falo, kuma a satin ni da Hajiya matata ba mu shirya ba. Ita so take a sa su a kusurwa biyu, a rufa musu leshi, a ɗora fulawar roba. Na ce kusurwa na kumbura sauti, na janyo su kamu ɗaya daga bango. Na ari tef a wurin tela na auna, nisan da ke tsakaninsu ya zama daidai da nisan kowace zuwa kujerar mai sauraro, na ɗan karkato fuskokinsu su dubi kujerar. Na zauna na sa ta ta yi alama da alli a bango daidai kunnena, don ƙaramin idon sifikar na sama ya zo daidai wurin (ta ce tun da ta aure ni ba ta ga ranar da kunnen nan ya yi aiki ba). Na yanka tsohuwar katifa na sa a ƙarƙashinsu kada teburi ya riƙa rawa. Na sayo ɗan akwatin da ke shiga tsakanin kwamfuta da sifika yana mayar da abin da ke cikin filashi sauti mai tsabta. Da na kunna sai na ji wani gurnani siriri, na kwana biyu ina farautarsa, har na canza wayoyin zuwa masu baki uku na haɗa komai a soket ɗaya, ya ɓace. Na rataye barguna a taga, ina yawo a falo ina tafi ina sauraron amsa-kuwwa, har makwabciya ta tambayi Hajiya ko lafiya. Na kafa doka: sifika ita ake kunnawa ƙarshe, ita ake fara kashewa, kuma ba mai ratsawa ta tsakaninsu idan suna aiki.

Na gwada su da karatun Alƙur'ani, na gwada da kiɗan goge, har numfashin mai karatu ana ji. Abu ɗaya ne ban gwada ba, kaset ɗin kansa. Na ce tare da jama'a zan ji.

Bayan La'asar suka hallara. Liman, da dattawan layinmu, da surukaina biyu, duk a kan kafet. Mata suna daga ƙofar ciki, Yaya Asabe a gaba. Sai Malam Buba, tsohon abokina daga Bukuru, mai fataucin shanu, wanda ya yi shekaru yana kai da kawowa Kamaru, kuma kowa ya san kullum da safe tashar Faransanci yake kamawa. Yana shigowa ya dubi bargunan ya ce ko amarya aka kawo ake ɓoyewa. Ya fito da rediyonsa na aljihu ya ce wannan ta ishe shi sanin duniya. Don in kunyata shi na kama hannunsa na zaunar da shi a kujerar tsakiya, wurin da aka fi jin komai.

Sannan na yi lacca. Na kai minti ashirin. Na ce yadda muke yi a Abijan ke nan (da "mu" na faɗa, ban ko ƙifta ido ba). Na rufe da maganar da har gobe idan na tuna sai na ji kamar in shiga ƙasa.

"Waɗannan ba sa ƙarya, jama'a. Ba sa rufa wa kowa asiri. Abin da aka yi, shi za ku ji."

Na danna, na lallaɓa na koma can baya jikin ƙofar waje don kada jikina ya tare sauti.

Sai ga muryata ta da, yaro ɗan shekara ashirin da wani abu ya tsaya a tsakiyar falo, kamar ka miƙa hannu ka taɓa shi. Ya gaida Inna, ya gaida Yaya, ya gaida mutanen unguwa ɗaya bayan ɗaya, rabinsu yau suna ƙasa. Na ji mata suna jan hanci. Ya ce yana zaune a ofishinsa, mutum huɗu ne a ƙarƙashinsa, manyan mawaƙa ba sa buɗe baki sai ya ɗaga hannu. Liman ya waiwayo ya jinjina mini kai. Ni kuwa ƙirjina ya cika riga.

Daga nan sai ƙofa ta buɗe ta gefen dama.

Shekara arba'in da wani abu na manta da ƙofar nan. Mai situdiyon ne ya dawo da wuri. A ranar na zabura na danna maɓallin tsayarwa, ashe bai kama ba. Da na dawo na tarar kaset yana ta juyawa, na ce ai ina nesa da makirfo, shiru kawai ya ɗauka, ga matafiyi yana jira a tasha, na ƙarasa gaisuwata na miƙa. Yanzu ga muryarsa tar a falona, da Faransanci, yana tambayar wa ya ba ni izinin zama a kujerarsa, ko na ɗauka kaina mutum ne, kuma me ya sa banɗaki ke wari. Sai aka ji kujera ta faɗi. Sai muryar yaron nan mai mutum huɗu a ƙarƙashinsa, ta sirance, ta koma kamar ta ɗan tsako, yana ta ba da haƙuri da irin "ranka ya daɗe" na Faransanci, sau uku, sau huɗu.

Kwamfuta tana can gaba, tsakanina da ita dattawa goma a zaune, ga dokar da na kafa da bakina.

Liman ya tambaye ni wa ke magana. Na ce abokin aiki ne yana neman shawara a kan inji. Ban rufe baki ba aka ji mariƙin bokiti ya yi ƙara, aka ji famfo, aka ji tsumma jiƙaƙƙe yana faɗuwa ƙasa, yana ja, yana dawowa, da shessheƙar mai gogewar a hankali. Ko ɗigon ruwan da ake matsewa sifikun ba su ɓoye ba. Na auna su da tef, na daidaita su da kunne, sun kuwa biya ni aikina.

Liman, bawan Allah, da zuciya ɗaya ya juya ga Malam Buba ya ce ai shi yana jin yaren, me ake cewa? Buba ya daɗe yana kallon sifikar hagu.

"Faransancina ya tsufa, Liman, ba na kama komai," in ji shi. "Amma kaya sun yi kyau, Injiniya. Bokitin ƙarfe ne. Ga shi nan ta hagu, kusa da taga."

Har yau ban sani ba ko rufa mini asiri ya yi ko yanka ni ya yi. Wani daga cikin surukaina ya yi tari mai tsawo wanda ba tari ba ne. Babu wanda ya yi dariya, kuma da sun yi da ya fi mini sauƙi. Minti uku aka yi ana goge ƙasa a falona. Sannan yaron ya dawo gaban makirfo, ya gyara murya, ya ce Inna ta yi haƙuri, wani ƙaramin ma'aikaci ne ya zo a sa masa hannu a takarda.

Da aka gama Liman ya yi addu'a doguwa ga mamata, kowa ya shafa, kowa ya tuna yana da wani uzuri kafin Magariba. Suna fita suna cewa "Sai anjima, Injiniya," kuma a karon farko na ji sunan da kunnen situdiyo.

Yaya Asabe ce kaɗai ta tsaya. Ta shigo ta zauna a kujerar tsakiya ba tare da ta nemi izini ba, tana warware kallabin da kaset ɗin ya zo a ciki tana sake naɗewa. Na fara cewa ai laifin sifikun ne, da a rediyon Inna ne da ba a ji komai ba sai shuu. Ta ce ita dai yau ta fara jin wurin nan. Ta ce Inna ta kunna kaset ɗin nan ga duk wanda ya shigo gidan, na kusa da na nesa, ya fi sau ɗari. Amma da zarar ƙofar nan ta buɗe sai ta kashe, ta ce batir ya yi tsada, ta zare kaset ta zura biro tana juyawa da hannu, tana ƙirgawa a ranta, ta mayar. Kullum daidai wurin "ki yi haƙuri Inna" yake faɗawa. Ba ta taɓa kuskure ba.

Na ce ai Inna ba ta jin Faransanci.

"Auta, sai ta ji Faransanci?" in ji Yaya. "Ta kara rediyon a kunnenta ita kaɗai a ɗaki ranar da aka kawo. Ta san muryarka idan ana yi maka tsawa, ita ta raine ka." Ta miƙe ta gyara mayafi. "Kuma ita ce ta fara kiranka Injiniya a gaban mutane, in ka manta."

Na manta. Na ɗauka ni na ci sunan da wayona.

Yanzu sifikun suna kusurwa biyu na falo, da leshi a kansu da fulawar roba, yadda Hajiya ta so tun farko. A unguwa ana nan ana kirana Injiniya, wasu da ɗan jinkiri kafin su furta, Malam Buba kuwa idan mun haɗu sai ya tambaye ni ya kaya. Abin da na koya bai da yawa. Idan ka sayo abin da ba ya rufa asiri, rufe ƙofa ka fara gwada shi a kanka. Na zaga ƙasashe ina raina sautin mutane, na kashe sati guda da tef da alli don in ji komai, ashe mai aikin sauti na gaske a gidanmu tsohuwa ce da biro da batir huɗu, wadda ta ji komai tun ranar farko, ta kuma san inda ake yankewa.