Na Je Ta'aziyyar Wanda Na Ce Rauni Kawai Ya Ji

Jama'a, ranar Talata na je ta'aziyyar mutumin da ni da hannuna na rubuta cewa ɗan rauni kawai ya ji. In akwai abin kunyar da ya fi wannan a Katsina, ku ajiye mani, zan zo in karɓa.

Ga yadda aka yi. Ranar Asabar labari ya iso ofishin jaridarmu cewa an yi wa sojoji kwanton ɓauna a daji. Wani direba da ya bi ta wurin ya kira ni, ya ce gawa tara ya ƙirga da idonsa. Na zauna na rubuta, "Sojoji tara sun rasu." Na dubi tarar nan, ita ma ta dube ni. Sai na tuna mai jaridarmu ɗan gaban goshin Masu Abu da Abinsu ne, ga zaɓe ya ƙarato. Tara ta koma "wasu". Na tashi na sha ruwa na dawo, "sun rasu" ta koma "sun jikkata". Kafin la'asar sanarwar kakakin gwamnati, Ranka-ya-daɗe Mai Sanyaya Zukata, ta fito: an fatattaki miyagu, jami'ai ƙalilan sun ji 'yan raunuka. Na kwafe ta har da waƙafi.

Kada ku zargi Edita. Bawan Allah ko tari bai yi ba. An ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Ni ko hayaƙi ban gani ba, na aske nawa ƙwal.

Talata da hantsi matata Baraka ta ce, "Malam, ba za ka gidan Malam Zakari ba? Ɗansa Nu'uman, sojan nan, ya rasu a bakin daga." Nu'uman da aka ɗaura wa aure bara, na ci shinkafar bikin har da ƙari.

Na nufi gidan a Ƙofar 'Yandaka. A kan tabarma na tarar da Abbas, abokin sana'a, mai rubuta wa jaridar 'yan adawa. Tasu jaridar cewa ta yi sojoji tamanin aka kashe. Na matsa kusa da kunnensa.

"Abbas, ina ka samo tamanin?"

"Inda ka samo raunuka," in ji shi.

Kowa ya koma jan carbinsa.

Malam Zakari tsohon baduku ne, ba mai yawan magana ba. Na durƙusa muka gaisa, na yi masa ya haƙuri, ya ce da godiya. Zan sulale sai ya riƙe hannuna.

"Malam Mamman, ku ne masu labarai. Ran Asabar uwar yaron ko ruwa ta kasa sha. Sai aka karanto mana jaridarku a waya, aka ce rauni ne. Ta yi sujada. Ta soya mashi nama, ta nemo zuma, wai a kai mashi asibiti. Kwana biyu muna cigiyar wane asibiti ne. Jiya abokin aikinshi ya kira, ya ce tun Lahadi aka rufe su."

Na buɗe baki in ce ai sanarwa ce daga sama. Bakin ya fi ni kunya, ya ƙi motsi.

"Ba faɗa nike ba," in ji Malam Zakari. "Mutuwa ta Allah ce. Abu guda nike roƙo. Ka rubuta sunanshi. Kada ɗana ya tahi a cikin 'wasu'."

To, Malam Zakari, ga shi. Nu'uman Zakari, na Ƙofar 'Yandaka, soja, ɗan shekara ashirin da bakwai. Ya rasu ranar Asabar a bakin aiki, ya bar mata da juna biyu. Ba rauni ya ji ba. Allah ya jiƙansa, da shi da sauran takwas ɗin da ban san sunayensu ba, don ban tambaya ba.

Kada ku yi saurin yi mani kirarin jarumi. Sau uku na goge layukan nan ina maidowa. Da na kai wa Edita, ya karanta ya daɗe yana sosa ƙeya, sannan ya ce tunda shafin raha ne, manya ba su karanta shi, a bar shi ya fita.

Duk da haka, in wani mai baƙin tabarau ya tare ku yana tambayar gidan marubucin, ku ce na tafi ƙauye gaida surukai. Baraka ta riga ta haɗa mani jaka.