Na'urar da Na Rataya wa Kifi

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da aka yi mini ta'aziyyar kaina ina zaune da raina, a gaban manyan gari.

Ni ɗan kamasho ne a filin da manyan motoci ke sauke kaya a Malanville. Tun da aka rufe gadar kan iyaka, aikinmu ya koma bakin kogi: a sauke daga mota, a ɗora wa jirgin ruwa, sauran kuma kada ka tambaye ni (ba kowane buhu da ya haye ba ne duwan, wato kwastan, ta san da zamansa). Ana cikin haka aka fara zancen mai da filinmu yankin ciniki na musamman, inda kaya za su shiga su fita ba haraji. Amma sai an auna tukuna ko abin zai ɗore ba tare da ya cuci mutane da kogi ba. Sai ga masu bincike daga Kotonu suna ɗibar ruwa a kwalabe. Shugabarsu, wata mai tabarau da muke ce wa Madam, ta nemi wasunmu su rataya 'yar na'ura a wuya na mako guda, don ta auna hayaƙin da muke shaƙa a wurin aiki. Ta faɗa ƙarara: in iskar ta yi muni ƙwarai, za a ɗauke filin a kai shi can wajen Guéné. Wato abincinmu ya bar gari ke nan.

Ni na fara miƙa wuya, don ina son a gan ni. Ina ta yawo da ita kamar lambar yabo, har abokina Idi ya ja ni bayan wata mota.

"Kai, mi ka karɓa? Wanga abu kunne gare shi. Ba ka ga 'yar wutar ga da ka ƙyaftawa ba? Duk abin da ka hwaɗi, duwan na ji."

Na shiga tuno duk abin da na faɗa tun safe, kuma babu mai daɗi a ciki. Wani Alhaji ya kira ni a waya kan buhunansa, na sunkuya daidai bakin na'urar na ce, "Alhaji, ni mai bin doka ne, ban san wannan harka ba." Ya kashe wayarsa. Wani jandarma ya ɗaga mini hannu daga nesa, sai na fara tunanin wanda zai riƙa kai mini abinci a gidan kaso.

Mayar da ita zai sa a zarge ni, jefa ta a kogi kuma ya fi muni. Sai dabara ta zo mini (irin dabarar da ke zuwa wa matsoraci). Matata Hajara tana bandar kifi a wata rumfa a bayan gida, kuma kifi ba ya magana. Kullum da safe sai in rataye na'urar a can in tafi aiki da bakina a sake. Ranar mayarwa na goge ta, na fesa mata turare.

Bayan 'yan makonni aka tara mu a zauren meri, wato ofishin magajin gari, har da shugaban duwan a kujerar gaba. Madam ta haska zane a bango. Kowane mai na'ura da sandarsa, duk gajeru, sai guda ɗaya da ta miƙe har tana neman rufi. Ta ce ta mutumin da ke aiki a ƙofar bakin kogi ce. Duk zauren ya juyo kaina.

Baba Garba, shugabanmu, ya dafa ni yana salati. "Ɗana, ashe da mutuwa kake yawo ba ka hwaɗa muna ba?"

Abin kunya, ni da na san gaskiya sai na ji ƙirjina ya fara ciwo. Har tari na yi. Sannan Madam ta ce da irin wannan sakamako dole ta ba da shawarar a ɗauke filin. Wata mai sayar da shinkafa ta fashe da kuka. Na dubi Idi, ya sunkuyar da kai yana nazarin takalminsa.

Ban san lokacin da na miƙe ba. Na ce, "Madam, ba huhuna ba ne. Na kifi ne."

Na kwashe labarin kaf. Madam ta ɗauko na'urar ta sansana, ta cire tabarau tana share hawayen dariya, ta ce na'urar ko kunne ɗaya ba ta da shi. Zaure ya kece. Ana cikin dariyar shugaban duwan ya waiwayo a hankali ya ce, "To malam, mi kake hwaɗi da ba ka son mu ji?" Na yi fatan ƙasa ta tsage. Na ce waƙa nake yi, kuma muryata ba daɗi.

Da hayaniya ta lafa, Madam ta sake duban doguwar sandar nan, babu sauran dariya a fuskarta.

"Wa ke wuni a cikin rumfar?"

Na ce matata. Shekara da shekaru Hajara na tari, ni kuwa ina ce mata ta rage shan ruwan sanyi.

An sake awo da wuyan wani, fili yana nan inda yake, ni kuma na tashi da sunan Kifin Banda, har yara na kira. Na kai Hajara asibiti, na rushe rumfar na gina mata murhu mai bututun hayaƙi a sarari. Abin da na koya shi ne, kafin in ji tsoron kunnen duwan, in fara buɗe nawa. Na'urar da ba ta ji ma ta riga ni jin tarin matata.