Sifikokin da Suka Kore Ni Daga Ɗaki

Da na mai da ɗan ɗakin da Baba ke ajiye taru a Yelwa wurin ɗaukar waƙa, na je sayen kayan sauti, mai shago ya nuna mini ƙananan sifikoki. Na ce, "Malam, rediyo na ce maka zan saurara?" Na kwaso manya biyu, irin na gidan biki.

Su suka shiga, ni na rasa wurin zama. Mawaƙin farko a bakin ƙofa ya rera, kowane baiti da ƙarar injin kwalekwale. Da na kunna kuwa, har kwanon rufi ya amsa.

Na gaji da bayanin cewa ba ƙarar sifikokina ke korar kifi ba. Har yau in masunta suka dawo ba kifi, sai Inna ta leƙo ta ce, "Injiniya, ka kunna ne?"