Ranar da Loma Ta Tsaya wa Hambali

A wata unguwa a Malumfashi akwai wani magidanci wai shi Hambali, wanda in ana hirar ciyayya sunansa ne ke fara fitowa, ba kuma don alheri ba. Al'adar mutanen layin ce, in an idar da sallar magariba kowa ya fito da kwanon tuwonsa ƙofar gidan Baba Nomau, dattijon unguwar, a haɗa a ci tare. Hambali kullum da ɗan kwanonsa yake zuwa, tuwo kamar na yaron da aka yaye, miyar kuka tsululu, ko ƙashi babu. Sai ya tura shi can gefe, ya gyara zama a gaban kwanon da ya fi maiƙo.

Cin nasa kuwa, Allah ya sawwaƙe. Hambali ba ya tauna, don a ganinsa tauna ɓata lokaci ce. Tuwo na tururi, mutane na jira ya sha iska, shi ya riga ya yi rami a tsakiya. Tsokar nama in ta shiga hannunsa, sai dai ka ga maƙogwaro ya motsa. Ya barbaɗa yaji, ya kora da ruwa, ya miƙe a tabarmar nan yana gyatsa ba ko kunya. Mutane su dubi juna su ƙyale shi saboda darajar maƙwabtaka.

Ana haka ƙwannafi ya sa shi gaba. Ƙirji ya riƙa yi masa zafi kamar an zuba barkono, in ya kwanta ruwa mai tsami ya taso masa har baki. Ya jiƙa kanwa ya sha, ya ci gaba da halinsa. Can sai loma ta fara tsaya masa a ƙirji, ba ta gaba ba ta baya. Ranar da aka yi suna a gidan maƙwabcinsa Malam Jatau aka fito da farfesun kan rago, tsoka ta farko ta maƙale masa. Ya zauna idanu a waje yana dukan ƙirji, yana kallo aka suɗe kwanon tas. Wallahi ba maƙalewar ta fi ƙona masa rai ba, farfesun da ya wuce shi ne. Gari na wayewa ya nufi asibiti.

Likita ya gama bincikensa ya ce, “Malam Hambali, ruwan tsami ne ke tasowa daga cikinka yana ƙona hanyar da abinci ke bi. Ya daɗe yana ƙonawa, har wurin ya tsuke. Ga magani, amma sai ka rage maiƙo da yaji, ka daina kwanciya da zarar ka ci. Ka riƙa cin kaɗan-kaɗan, kana taunawa a hankali.”

Hambali ya zaro ido. “A hankali, Likita? Ka san mutanen da nake cin abinci da su kuwa?”

“To ka ci gaba,” in ji likita, “wata rana ko kunu sai ya gagare ka.”

Hambali ya fito ransa a jagule. In ya bi maganar likita, kafin ya tauna loma ɗaya su Jatau sun gama da nama. In ya ƙi bi, maƙoshi ya ƙi karɓa. Ya yi ta saƙawa yana kwancewa har ya isa gida, sai dabara ta faɗo masa.

Da magariba ya fito da ɗan kwanon nasa kamar kullum, a ɗaya hannun kuma wata ƙatuwar samira mai murfi, babu komai a ciki. Ya dire ta a tsakiyar tabarma ya marairaice.

“Jama'a, likita ya ce in riƙa ci a hankali. Saboda haka a riƙa ɗiba min rabona a nan, musamman ta wajen nama, in je gida in lallaɓa.”

Malam Jatau ya leƙa samirar ya ce, “To naka kwanon fa?”

“Wannan ai na jama'a ne, na bar muku.”

Wuri ya kaure da dariya. Hambali ya harzuƙa.

“Dariya ma kuke yi? Ni na san ciwon nan da hannun mutum a ciki. Akwai mai ƙirga min loma a wurin nan, idonsa ne ya tsaya min a wuya! Baba, kai ne babba, ka faɗi tsakani da Allah. Shekara da shekaru ina ci a tabarmar nan lafiya lau, me ya sa sai yanzu abinci ke ƙin wucewa?”

Baba Nomau bai yi gaggawa ba. Ya tauna lomarsa ya haɗiye, ya lashe yatsa, sannan ya ɗago ya dube shi.

“Hambali, ba wanda ya yi maka komai. Kai dai ka gode wa Allah, duk jikinka maƙoshin nan ne kaɗai ya fara jin kunyar abincin mutane.”