Rasuwar Balaraba, Motar da Godiya Ta Kashe

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, wanda in aka tace shi za a tarar fushi ya fi hawaye yawa, ni Gazali, a madadin iyalan marigayi Alhaji Haruna Mai Albasa na Gidan Igwai, nake sanar da 'yan uwa da maƙwabta da duk wanda aka taɓa jawo motarsa daga cikin yashi, rasuwar uwar ɗakinmu Balaraba, farar jif mai shan gas, mai ja da ƙafa huɗu. Ta cika ranar Asabar da ta wuce, da rana tsaka, a kan hanyar Kalambaina, da buhunan albasa a bayanta.

Ba tsufa ne ya kashe ta ba. Na faɗa tun a nan, don kada wani ya zo ta'aziyya ya ce mini ai ta daɗe. Godiya ce ta kashe ta. Mai godiyar kuwa yana nan da ransa da lafiyarsa, har ya fara tambayar ƙanwarta, wato injin ban-ruwan da ke riƙe da ran shinkafarmu a fadama.

Ranar Laraba mahaifinmu ya shigo da ita gida, ina goye a bayan Inna, shi ya sa aka raɗa mata wannan suna. Tare muka tashi. Ni na yi ƙuruciya, ita ba ta taɓa yi ba. Da asuba Baba zai murɗa makulli rabi, ya jira 'yar fitilar nan ta mutu, ya yi bisimilla, sannan ya ƙarasa. Sai ta ce kar, kar, kar, kamar dattijo mai gyaran murya, ta sauke da gurum, gurum, gurum, a natse, ba gaggawa. Da wannan murya matan layinmu ke sanin lokacin ɗora koko ya yi. Idan kuma an dawo daga tafiya, Baba ba ya kashe ta nan take; sai ya bar ta ta huce, yana shafa sitiyari kamar mai lallashin doki.

Marigayiya ba ta da gudu, kuma ba ta taɓa jin kunyar haka ba. Yara masu sabbin motoci sukan wuce ta a kwalta suna danna mata oda. Ba ta tanka musu. Can gaba, inda kwalta ta ƙare yashi ya fara, nan za ta same su sun nutse har ciki suna ɗaga hannu. Sai a sa mata ƙaramar giya, a ɗaura igiya, ta ce huuum sau ɗaya, ta fito da su, ta ci gaba da tafiyarta. Ta kai masu naƙuda asibiti. Ta ɗauki ragon layya da kayan ɗakin amare. Ita ta kai Baba makwancinsa, kuma na rantse a ranar muryarta ta fi kullum sauka ƙasa. A kujerarta ta baya na karanta rabin littattafan da na sani, ina ɓoye wa aike. A kujerarta ta gaba Nuriyya, yarinyar da nake so, ta fara yi mini dariya, ranar da na rage musu hanya ita da gwaggonta, ta ce motar nan tana tafiya kamar mai tsoron watsa wa mutane ƙura. Ban taɓa jin an yabi wata halitta da maganar da ta fi wannan dacewa ba.

Yanzu ga yadda ciwon ajalin ya samo asali.

Mijin yayata Dijatu, wanda ladabi ya hana ni kiran sunansa, amma sunansa Hashim, ya zo aron Balaraba zai kai mahaifiyarsa bikin suna a ƙauye, inda ƙananan motoci ba sa shiga. Aka ba shi. A gidanmu ba a hana aro, balle ga suruki. Kowa kuma ya san yadda ake yi a garin nan: ba a mayar da abin aro haka nan. Kwano in ya zo da tuwo, da dabino yake komawa. Mai aron mota ya cika tanki, ko ya ajiye damin rake a baya, ko da kankana ce guda biyu. Abin da duk ɗan mutunci ke yi ke nan. Shi kuwa Hashim ya ga wannan ya yi masa kaɗan. Sai ya wuce da ita wani gareji a Tudun Wada, wurin wani da ya raɗa wa kansa Injiniya, wanda duk karatunsa bai wuce kallon bidiyo a waya ba.

Wannan mutum ya fasa hatimin da ke kan famfon mai, hatimin da ya fi shekara ashirin ba wanda ya kuskura ya taɓa. Ya murɗe sukurun don gas ya riƙa kwarara fiye da abin da cikinta zai iya ƙonawa. Ya matse tobo, mai hura wa inji iska, ya tilasta masa hurin da ba a halicce shi don shi ba. Ya yanke salansarta, ya liƙa mata wani ƙaton bututu kamar na kwata. Tsohuwa mai kamun kai, aka ɗura mata abin da ya fi ƙarfinta, aka ce ta tashi ta yi tsere.

Tun daga bakin titi muka ji wata aba tana ɓaaarrr, fiiiish, ɓaaarrr. Na leƙa don in ga wane marar tarbiyya ne ya shigo layinmu, sai na ga Balaraba, baƙin hayaƙi na bin ta kamar an cinna wa taya wuta. Hashim ya fito yana washe baki, ya durƙusa a ƙofar ɗakin Inna, labule a tsakaninsu.

"Inna, ga Balaraba na maido," in ji shi. "Ban iya maido ta hannu banza, shi yas sa nak kai ta anka buɗe mata ƙarhi. Yanzu ko sabbin ga ba su kamo ta."

Inna ta ce, "Madalla. Allah shi yi albarka. An gode."

An gode! A gabana aka yi godiya a kan kisan kai.

Yana fita na ce wa Inna bari in kai ta wurin Mu'az, bakaniken da ke duba ta tun zamanin Baba, ya mayar da komai yadda yake. Inna ta dube ni ta ce, "Ka maida kyautar suruki? Shina jin kukanta tun daga titi. Ranar da yaj ji ta koma muryarta ta da, mi Dijatu za ta ce mashi cikin gidanta?"

Nan ne fa tarkon yake. Da rigar banza ya ba mu, da mun jefa ta ƙasan akwati mu ce ta yi kyau. Amma ya ba mu kyautar da ake ji daga nesa. Duk sanda ya bi ta layinmu sai ya tsaya ya ce in tada ta, ya taka totur har ƙasa, ya kalli hayaƙin yana gyaɗa kai kamar wanda ya gina masallaci. Haka muka zura ido, don zaman lafiyar Dijatu, muna kallon ana cinye mana uwar ɗaki da ranta.

Jinyar ba ta yi tsawo ba, amma ta yi muni. Ta fara shan gas kamar mai ƙishin azumi. Ta daina gyaran murya da safe, sai tari. Matan layi suka daina ɗora koko da ita, suka koma rufe taga. Bayanta fari ya koma baƙi. Na riƙa tuƙa ta da ɗan yatsan ƙafa, ina ba ta haƙuri, amma ko yaya na taɓa totur sai ta zabura kamar an tsikare ta. Wannan ba ita ba ce. Wata ce aka cusa a cikin jikinta.

Ranar Asabar muka ɗauko albasa daga fadama, a irin zafin bazarar nan da ke sa kwalta ta yi laushi. Lodin da ta saba ɗauka ne, ban ƙara mata ko buhu ɗaya ba. Muna hawa wani ɗan tudu kusa da Kalambaina, manyan motocin siminti na wuce mu, sai na ji ƙwal. Na ɗaga ƙafa. Ƙwal, ƙwal, ƙwal, kamar wani na buga ƙofa daga ciki yana neman a buɗe masa. Farin hayaƙi ya turnuƙe daga ƙarƙashin bonet. Ta gangara gefen hanya da kanta, don ko a wannan hali ba ta yarda ta tare wa mutane hanya ba. Ta ce gurum, sau ɗaya tak, da muryarta ta da, wadda na yi makonni ban ji ba. Daga nan shiru.

Mu'az ya zo ya buɗe kan injin, ya daɗe yana kallo.

"Wa yat taɓa famfon ga?"

Na ce, "Kyauta ce."

Ya ce, "To, kyauta ta huda fistin biyu."

Ya ɗaga mini ɗaya daga cikin ƙarafan nan masu kai-komo a cikin injin. Na hango rana ta cikin ramin.

Marigayiya ta rasu ta bar Inna, wadda yanzu za ta riƙa tsayawa bakin titi jiran adaidaita. Ta bar ni. Ta bar tayar safaya da ba ta taɓa taka ƙasa ba, ta zama gwauruwa tun ba ta tare ba. Ta bar igiyar ja, da casbin Baba da ke rataye a madubi, da albasar da ta wuni a rana har wasu buhunan suka fara wari. Sannan ta bar ƙanwarta guda, injin ban-ruwa, mai shan gas irinta, mai sanyin hali irinta. Shinkafarmu ta rani ta fara fitar da kai. In injin nan ya kwanta kafin ruwan sama ya sauka, abincin gidanmu na shekara ya tafi.

Washegarin rasuwar da la'asar Hashim ya zo ta'aziyya, Dijatu na biye da shi da kular tuwon shinkafa. Ta shige ciki, shi ya zauna a zaure, ya yi addu'a mai tsawo, ya shafa.

"Sai haƙuri, Gazali. Dama ta tsuhwa. Ba don an buɗe ta ba ma, da tuni ta kwanta."

Na ce an gode, don ya girme ni.

"Wai injin ban-ruwan nan naku," ya ci gaba, "naj ji shina da sanyin jiki. Ku ba ni aro nai kwana biyu, in ba gonata ruwa. In zan maido shi sai in biya da shi Tudun Wada."

Na tashi na shiga ciki, na faɗa wa Inna. Ta jawo kular, ta juye tuwon a kwanonmu, ta wanke ta ciki da waje, ta goge ta da tsumma. Tun da nake, ban taɓa ganin kwano ya fita daga ɗakin Inna ba komai a ciki ba. Ko ba ta da komai sai ta saka goro ɗaya. Dijatu ta miƙa hannu za ta ɗebo dabino. Inna ta riƙe mata hannu.

"Bar ta hakanan. Kai mashi, ki ce an gode. Ki ce ba mu ƙara mata komi ba."

Na ɗauka Dijatu za ta yi kuka. Sai ta gyara mayafi ta ce, "Ni ko in kai, Inna. Ko injin markaɗena sai da yak kai anka buɗe mai ƙarhi. Wata biyu ke nan ga turmi nike daka tattasai."

Ashe wadda muka yi wa shirun ta fi mu cika da haushi. Da ɗayanmu ya buɗe baki ya tambaye ta, da yau Balaraba na ƙofar gida tana gyaran murya. Wannan shi ne abin da ba zan yafe wa kunya ba.

Ina tsaye a zaure Dijatu ta miƙa masa kular. Ya karɓa, ya ji ba nauyi. Ya buɗe murfin, ya leƙa, ya mayar. Ta faɗa masa saƙon Inna kalma da kalma. Ya jawo takalminsa, ya ce magariba ta gabato. Bai sake ambaton injin ba.

Ga yadda aka tsara jana'iza. Gawa tana garejin Mu'az, a ƙarƙashin dogon yaro, lulluɓe da tamfol. Ba za a yi mata salla ba, don ƙarfe ce, ko da yake na san masu rai da ba su kai ta amana ba. Ranar Laraba bayan la'asar za a dawo da ita gida, a ajiye ta a rumfar da Baba ya yi mata. Ba za a ɗaura ta a bayan baƙuwar mota ba. Da hannu za a turo ta, saboda haka duk wanda ta taɓa fitarwa daga yashi ya zo ya sa kafaɗa. 'Yan gwangwan da suka fara zagaye da ma'auninsu su hutar da kansu. Injiniyan Tudun Wada ba a gayyace shi ba, kuma an ba mai gadin fadama kamanninsa.

Za a karɓi gaisuwa a zauren gida. Masu kawo abinci za a mayar musu da kwanoninsu da dabino kamar yadda aka saba. Duk kuma wanda ke riƙe da aron wani abu na gidanmu, tsani ne ko baro ko dutsen guga, muna roƙonsa don girman Allah ya zo da shi a ranar, yadda ya ɗauke shi. Kada ya ƙara masa komai.

Sanarwa daga Gazali Haruna, Gidan Igwai, Sakkwato, a madadin iyalai.