Rasuwar Notin Gaban Injin Gwaggo

Da zuciya cike da alhini da farata cike da baƙin mai, ni da iyalina muke sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar babban notin gaban injin Gwaggo, tsohuwar motar da na gada wurin mahaifina, wadda nake dakon kujerun haya da ita.

Marigayin bai fi tsawon ɗan yatsa ba. Ya yi rayuwarsa a ɗaure cikin hancin kiranshaf, wato sandar ƙarfen da ke juyawa a cikin inji, yana riƙe da faifan da ke jan fambel, wato bel ɗin robar da ke juya fanka. Shekaru masu yawa ya yi a wannan aiki, cikin zafi da maiƙo, bai taɓa neman hutu ba. Da yawa cikin waɗanda suka hau Gwaggo ba su ma san da shi ba. Shi ne ya riƙe amana ranar da aka kai matata haihuwar 'yarmu ta fari, shi ne kuma ranar da aka kai wa 'yar nan kayan ɗakinta.

Ciwon ajalinsa ya fara ne da wani ɗan sauti da safe: kaf-kaf-kaf. Daga baya ya koma ƙwar-ƙwar. Ƙanin matata, wanda muke kira Ƙato, ya leƙa injin ya ce, "Yaya, ai kwancewa ya yi, bari in ɗan matse maka shi." Ya sa sifana, ya zura mata dogon bututu, ya ɗora nauyinsa. Maganar ƙarshe da muka ji daga bakin marigayin ita ce: ƙis. Daga nan sai ya riƙa juyawa ba ya kama komai. Zarensa ya cinye, ya kuma tafi da zaren ramin da yake zaune a ciki. Iyali sun yafe wa Ƙato, domin niyyarsa mai kyau ce, ƙarfin ne ya yi yawa.

Muka tura Gwaggo gareji. Makanike, wanda tun zamanin mahaifina yake duba ta, ya haska ramin da tocila. Sannan ya ce, "Notin kam ya tafi. Ramin nan zan faɗaɗa in yanka masa sabon zare. In hannuna ya karkace ko kaɗan, sai an sauke inji, kuma irin wannan sandar an daina samunta."

Da na kai labari gida, matata ta ce, "Maigida, in har sai an sauke inji, ka bar ta ta huta. Kai ma bayanka ya gaji da turi." Ban musa ba, amma abincin ranar bai wuce mini da daɗi ba. Kujerun mutane na jibge a tsakar gida, ga motar da har yanzu nake jin ƙanshin turaren mahaifina a kujerar direba.

Washegari makanike ya cire lagireto, tankin ruwan da ke sanyaya inji, don ya sami wurin aiki. Ya huda ramin a hankali, ya shafa giris a jikin ƙarfen yanka zare don ɓarɓashi ya manne masa. Ya murɗa kaɗan, ya koma baya, ya goge, ya sake. Ni ke riƙe da tocila, har ya ce mini, "In hannunka zai ci gaba da rawa haka, ba matarka ta riƙe." Ashe tana bayana tun ɗazu, wai wucewa ta zo yi. Ita ta riƙe har aka gama. Sabon noti, wanda ya ɗan fi marigayin ƙiba, ya shiga sumul. Aka murɗa makulli, Gwaggo ta yi tari ta tashi, faifan yana juyawa ba ko girgiza.

Marigayin ya bar Gwaggo cikin ƙoshin lafiya gwargwadon shekarunta, da fambel, da woshi ɗaya, ɗan zoben ƙarfen da suka yi zaman amana tare, da ƙannensa ƙananan notuna masu yawa, wasunsu ma ba su da cikakkiyar lafiya.

Da farko mun kai shi wurin mai sayen tsofaffin ƙarafa. Ya ɗora shi a sikeli, allura ba ta motsa ba, ya ce, "Baba, wannan ai ba shi da nauyi." Na karɓe abina ban yi gardama ba. Bai san shi da rai ba.

Saboda haka za a kwantar da shi ranar Asabar da hantsi, cikin tsohon gwangwanin madara da ke kan kantar gareji. Za a karɓi gaisuwa a ƙofar gida. Maƙwabtan da suka saba ɓuya in sun hango ni da makulli su fito da fararen kayansu, ba za a nemi kowa ya tura ba, in dai Gwaggo ba ta canza ra'ayi ba.