Rasuwar Gawayin Kiryar Maradun

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da haushin da ya fi baƙin cikin nauyi, ni Jafaru, maƙerin Bakura, nake roƙon mai shela ya sanar da jama'a rasuwar gawayina. Ya koma toka ranar Talatar da ta wuce, tun bai ko ji iskar zugazugi ba.

Marigayin ɗan asali ne. Kirya ce daga dajin Maradun, wadda mahaifina ya sa wa alama kafin ya rasu, aka bar ta ta bushe a tsaye. Jakuna suka kawo ta gunduwa-gunduwa. Na jera itacen a rami bayan ganuwa, na lulluɓe shi da ciyawa da ɗanyar ƙasa, na bar masa 'yar kafar numfashi.

Duk wanda ya zauna da shi ya shaidi haƙurinsa. Ya ci wuta a rufe bai taɓa ɗaga harshe ba. Da farko ya yi ta fitar da farin hayaƙi mai danshi, yana gumi, yana cewa "tsssss". Can ya shiga "ƙas, ƙas", jikinsa na tsukewa, ƙasar da ke kansa na lotsawa. Hayaƙin ya sirance, ya koma shuɗi. Na toshe kafar. Abin da ya rage kawai ya huce, ya fito baƙi wuluk, marar nauyi, mai amsa "ƙal" in an ƙwanƙwasa shi, mai tausasa ƙarfe ba hayaƙi.

Ajalinsa ya zo a hannun Ɗan Asabe mahauci. Zai tafi kasuwar Mafara da nama, ya ga tudun ramin da ɗumi, ya tuna ba a hana maƙwabci ɗibar wuta. Ya soka sanda, ya cika kaskonsa da garwashi, ya yi gaba. Ko ƙasa tafi ɗaya bai mayar ba! Iska ta samu ƙofa. Tun ina nesa na ji marigayin ya yi "buu", sautin da ban taɓa ji daga gare shi ba. Da na iso, toka na tarar.

Ya rasu ya bar zugazugi, da uwar maƙera, da awartaki, duk a sanyaye. Ya bar ƙarfen garemanin manoman Birnin Tudu a jibge, waɗanda na yi wa alkawari kafin shuka. Ga hadari ya fara haɗuwa a gabas, ga sabuwar kirya ba ta bushewa don ana sauri.

Za a yi jana'iza bayan La'asar, a bakin ramin. Mata masu dafa sabulu su zo da ƙorai su ɗauki gawar, wato tokar, ita kaɗai ce abin gado. Zaman makoki ba a maƙera yake ba, a tukubar Ɗan Asabe ne. Duk manomin da ya zo neman garmarsa a nuna masa hanyar can. Mutumin yana da tsinken tsire da yawa, sai ya raba musu su je su yi huɗa da shi.